Yadda Za Ka Buɗe Kasuwancinka Don Ka Ƙona Wa Manaja Rai

Masana suna cewa mutane na fara kasuwanci ne don neman riba, ko don cika burin ƙuruciya. Ƙarya suke yi, kuma su ma sun sani. Mutum yana buɗe nasa wurin ne saboda wani ya ɓata masa rai a wurin aiki. Idan kai ma ranka a ɓace yake, gode wa Allah, jari ya samu. Bi matakan nan a jere, na ba ka tabbacin kafin shekara ta zagayo, wanda ya raina ka zai tako har inda kake ya gaishe ka. An gwada su a kan mijin yayata, wanda kowa ke kira Akawu, kuma har yanzu yana raye.

1. Samo wanda zai raina ka

Ba ka buƙatar tsari. Haushi kake buƙata, mai kyau, wanda ya daɗe yana tsima. Akawu ya yi shekara goma sha ɗaya a tebur guda, kusa da ƙofar banɗaki, amma Manaja bai taɓa riƙe sunansa ba. "Kai, mai gilashi" yake ce masa. Ranar da gilashin ya karye, Manaja ya dube shi sama da ƙasa, ya tambayi masinja ko an ɗauki sabon ma'aikaci ne. Abin ya ci wa Akawu rai ƙwarai. A nan take ya rantse sai mutumin nan ya tsaya a gabansa ya ce masa "ranka ya daɗe". A kan irin wannan rantsuwa ake gina manyan kamfanoni.

2. Ajiye aiki cikin hayaniya

Rubuta takardar barin aiki mai zafi, kada ta gaza shafi huɗu. Akawu ya yi tasa shafi shida, har da tarihin kakansa. Manaja ya sa hannu bai karanta ba, ya miƙo masa ita, ya ce idan ya je sito ya haɗo masa da jan biro. Kada irin wannan ya karya maka gwiwa. Maƙiyi yana iya ɓoye kaɗuwarsa har tsawon shekaru.

3. Kama shago daidai saitin tagarsa

Jahili ne ke duba ko mutane na wucewa. Kai abin da za ka duba shi ne: idan Manaja ya ɗago kai daga teburinsa, me idonsa zai fara gani? An nuna wa Akawu shaguna uku a bakin kasuwa, ya ƙi. Ya kama wani siririn ɗaki a tsallaken titin ofishinsu, tsakanin mai faci da wani kemis da ya daɗe a rufe.

4. Sayi kayan shugabanci

Kujera mai juyawa, hatimi, da ƙararrawar tebur. Sai allo mai girma a waje, a rubuta "Babban Ofishin Shugaba". Ƙara da fanka, labule mai kauri, da doguwar kujera guda domin manyan baƙi. Lura: ba a taɓa ganin kamfanin da ya durƙushe alhali shugabansa yana juyawa ba.

5. Kada ka bari a tsare ka da batun abin sayarwa

Wannan tambaya daga gida take fitowa, don haka ka shirya. Yaya ta zo ganin shago, ta duba kantoci wayam, ta leƙa ƙarƙashin tebur.

"Baban yara, wai me za mu riƙa sayarwa ne?"

"Ke dai ba ki san kasuwanci ba. Sai an kafu tukuna."

"To, da yamma kafuwar zan ɗora a tukunya?"

Kada ka amsa. Juya kujerarka ka fuskanci bango har ta tafi.

6. Zauna, kasuwa za ta nemo ka

Mako uku Akawu yana buga hatimi a kan farar takarda. Idan kaɗaici ya ishe shi sai ya kaɗa ƙararrawa, ya amsa wa kansa. Tagar Manaja kuwa ko motsi ba ta yi ba.

Wata rana da azahar sai ga masinjan tsohon ofishinsu, wani dattijo mai ciwon gwiwa, ya ɗaga labule yana haki.

"Akawu, don Allah bari in ɗan miƙe a nan. Manaja ya aike ni ƙarshen gari. Zan ce layi na tarar."

Ya yi barcin awa biyu, ya tashi ya ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa a kan tebur. Washegari ya dawo da direba. Kafin mako ya ƙare har mai buga takardu da ma'aji sun gano hanya. Ashe hajar Akawu ita ce ɓuya. Ya ƙaro dogayen kujeru da matasan kai, ya kuma naɗi ƙarar hon ɗin motoci a wayarsa. Duk wanda Manaja ya kira, sai Akawu ya kunna masa a gefen kunne, shi kuma ya yi ta rantsuwa cewa cunkoso ne ya riƙe shi. Yaya ta daina tambaya, ta ɗinko rigunan matashi.

7. Karɓi gaisuwarka

Ranar za ta zo. Ta Akawu ta zo ne lokacin da masu bincike suka sauka daga hedikwata ba sanarwa, suka tarar da ofis babu ma'aikaci ko ɗaya sai fanka tana juyawa. Manaja ya sulale ta ƙofar baya, ya tsallaka titi da gudu, ya faɗo cikin labulen farko da ya gani.

Ga ma'aikatansa tara a jere, suna sharar barci, ma'aji har da minshari. Ya buɗe baki zai yi tsawa, sai ya tuna abin da ya kawo shi. Ya juyo wajen mai wurin, ya ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, akwai sauran wuri?"

Idon Akawu ya ciko da ƙwalla. Daɗin da ya ji a lokacin, ko ranar da aka haifa masa ɗan fari bai ji irinsa ba. Jawabin da ya yi wata da watanni yana haddacewa ya gudu daga kansa. Sai dai dogayen kujeru duk sun cika, kuma ɗan kasuwa na gari ba ya mayar da mai saye. Ya miƙe ya ba shi kujera mai juyawa.

Manaja ya cire takalmi, ya ɗora ƙafa a kan tebur, ya lumshe ido.

"Kai, mai shago. Juyo min da fankar nan. Ka tsaya a bakin ƙofa, in sun tafi ka tashe ni."

Awa uku Akawu ya yi a cikin rana yana gadi. Tun daga ranar Manaja kullum sai ya zo, kujerar ta zama tasa, kuma ya gano amfanin ƙararrawa. Da ya kaɗa, Akawu ya sheƙo yana "Na'am, yallaɓai". Yaya ta kawo abinci ta same shi tsaye a waje, ta ce, "Da can dai aƙalla kana da tebur."

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo bayan bin waɗannan matakai, daga rasa aiki zuwa rasa kujera da gorin uwargida, babu hannuna babu ƙafata. Kada ka zo min gida, kada ka aiko surukinka. Ni gaisuwa na yi maka alkawari, kuma an gaida Akawu, sau ɗaya, a gaban shaidu tara, ko da yake dukansu barci suke yi.