Wayar Haladu ta samu aiki

Jiya da hantsi, tsakanin Durun da Kabo, salansar motar maƙwabcina Haladu ta sauka a hanya ko sallama babu. Fasinja suka ji ƙara kamar an yar da tukunya a kan dutse, mota ta kama ruri, wata tsohuwa a baya ta kama salati. Haladu ya taka birki ya fito, ya hango salansar can kwance a bakin rami tana hayaƙi. Ya san abin da faɗuwar nan za ta ja masa.

Motar ba tasa ba ce. Ta Hajiya Badi'a ce ta Sabon Birni, shi tuƙi kawai yake yi, daga Gwarzo zuwa Kabo, da shi yake ci da iyalinsa. Shekara da shekaru kuwa salansar nan ba ta taɓa ba shi kunya ba, saboda da waya ya ɗaure ta. Wayar ƙarfe ce da ya zaro daga tsohuwar taya, ya murɗe ta da filaya, har da ɗigon jan fenti a bakinta. Duk ramukan da Masu Girma suka yi alkawarin cikewa tun ina da baƙin gashi, wayar nan ta shiga ta fita lafiya.

Sai Allah ya kawo mana ci gaba. Aka kafa Kwamitin Kyautata Ƙarƙashin Motoci, da Mai Girma Shugaba da mataimakansa da masu riƙe masa hula. Suka kafa benci daidai bakin babban ramin hanyarmu, wurin da dole kowace mota ta rage gudu. A nan sai na yaba musu, don ban ga wanda ya gano amfanin ramin nan kamar su ba. Wani daga cikinsu ya kwanta ƙarƙashin motar Haladu, ya taso yana girgiza kai.

"Malam, waya? A wannan zamani? In baƙi suka zo suka leƙa fa?"

"Ranka ya daɗe, wane baƙo ne zai kwanta ƙarƙashin motata?" in ji Haladu.

Aka warware wayar aka jefa a buhu, aka ce ya je ya sa robar salansa mai kwali, irin wadda ake rataya ta da ita. Har shago aka nuna masa, na wani Musbahu, wanda da ikon Allah surukin Shugaba ne.

Musbahu ya miƙo kwali mai ƙyalli. Haladu ya juya robar, ya ce, "Anya wannan ta motata ce?"

"Ta kowace mota ce, Malam Haladu. Orijina ce."

Gaskiya ya faɗa, ta kowace mota ce, shi ya sa ba ta zauna a ko ɗaya. Ta farko ta yi tsawo, salansa tana sharar hanya kyauta. Ya mayar aka ba shi wata, ita kuma ta ƙi shiga ƙugiya, sai da makanike ya shafa mata sabulu ya danna da ƙarfe yana zufa. Kafin ya fito daga ƙarƙashi ta riga ta tsage a gefe. Mota dai ta fi zama a gareji fiye da tasha, har Hajiya ta aiko a kira shi.

"Haladu, ni ban san roba ba, ban san waya ba," in ji ta. "Mota na sani a kan hanya. In salansar nan ta sake faɗuwa, ka kawo mini makullina."

Shi ya sa jiya ya tsaya kallon salansar kamar mai gaisuwar mutuwa. Bai gama ɗaukarta ba sai ga motar Kwamiti. Suka kama shi da laifin damun jama'a da ƙara, suka ƙara da na zubar da ƙarfe a kan hanyar hukuma. Ramin da ya jawo abin yana nan a gabansu, suka zagaye shi cikin ladabi. Da la'asar Hajiya ta karɓi makullinta, ta ba wani. Na ji haushi ƙwarai, don mutumin nan bai yi komai ba sai bin umarni.

Yau da safe na tarar da shi a tashar Gwarzo yana kiran fasinja wa motocin wasu. Motar Kwamiti na tsaye a gefe, Masu Girma sun shiga shan shayi. Sabo ya sa Haladu ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. Ya jima bai ɗago ba, sannan ya yafito ni. Na leƙa. Salansar Mai Girma tana ɗaure tamau da waya, ga ɗigon jan fenti a bakinta.

"Ba su ma iya murɗin ba," ya ce, "amma ta riƙe."

Na ce, "Ba za ka yi magana ba?"

Ya kaɗe gwiwarsa. "In ce me, maƙwabci? Ita dai ta samu aikin gwamnati."

Ni kuwa daga yau na daina fita da wandona mai mazagin waya, kada wani kwamiti ya ga yana riƙewa.