Rasuwar Injin Kwale-kwalena

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ni Sairusi Tuinaceva na tsibirin Moala nake sanar da masunta da 'yan cocinmu rasuwar injin kwale-kwalena. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a bakin gaɓa, ƙasan ɗakin shan magani.

Marigayin ya girmi jikokina duka. Ja ɗaya yake tashi. Muryarsa tuk-tuk, tuk-tuk, ba ya canza ta ko teku ya yi fushi. Bai taɓa sa na roƙi kowa ya jawo ni ba.

Ga yadda ajalinsa ya zo. Matata Asenaca ta faɗi tana kankare kwakwa, ta dafe ƙirji, gumi na zuba. Na kwantar da ita a kwale-kwale don kai ta ɗakin shan magani. Ban yi boko ba, amma kunnena ya san inji. Na kara kunnen a ƙirjinta. Bugu biyu na san zuciya da shi, sai na ji uku, kamar doki na sukuwa, da wani huci a tsakani.

Ta buɗe ido ta ce, "Tsoho, ɗaga kanka, ni ba injinka ba ce. Tuƙa mu."

Muna tsakiyar ruwa marigayin ya daina fitar da ruwan sanyinsa. Ya koma tuk-tuk-kaf, tuk-tuk-kaf. Kowane masunci ya san hukuncin wannan: a kashe inji, a jira ya huce. Ban kashe ba. Na ƙara masa wuta. Ya yi hayaƙi, ya kai mu, sannan ya ƙame.

Nas Torika ta saurari ƙirjin da na'urarta ta ce, "Baba, daidai ka ji. Sai babban asibitin Suva." Jirgin sama ya ɗauke Asenaca. Har yau ba a ce ta tashi ba, ba a ce komai ba.

Ya bar kwale-kwale ɗaya, tankin mai, taru biyu, da ni.

Za a ajiye shi ƙarƙashin bishiyar mangwaro, a lulluɓe. Ba biso sai Asenaca ta dawo. Masu ta'aziyya su zo da kava, abin shanmu na gargajiya, mu sha. Kada wanda ya shigo gidana da tabarmar makoki, ko da wasa.

Wanda kwale-kwalensa zai je tarar babban jirgin ruwa mai zuwa Suva, ina neman wurin zama. Mutum ɗaya.