Ranar da Na Je a Goge Sunana Daga Kwamfutar Asibiti

Komai zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki ƙafata na tafi asibiti don a goge sunana daga kwamfuta ba. Har yau in na tuna, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Tuwo nake sayarwa a bakin titi a unguwar Maamobi cikin Accra, kuma ni ake kira girki in ana biki ko suna. Unguwa ta san ni, ba na wasa da kowa. Daga bayan tukunyata ina ganin wadda ta fita da wanda ya dawo da ita, in kuma abu bai yi mini ba, faɗa nake yi a gaban mai shi. (Ladi, matar ɗana, ta ce 'yanmata har hanya suke canjawa in sun hango ni. Na ce alhamdu lillahi.)

To, bara waccan tari ya kama ni ya ƙi saki. Na zaɓi wani asibitin gwamnati can nesa, wanda sai ka sauka daga trotro, motar hayarmu, ka sake hawa wata, don kada in haɗu da idon sani. Likita ya ce tibi ne. Mai sayar da abinci da tarin tibi! In Maamobi ta ji, wa zai ƙara sa hannu a tuwona? Na ce wa kowa gwiwa ce ke damuna, na bar wa Ladi tukunya, na ware kofina da kwanona. Na sha magani wata da watanni har likita ya ce na warke sarai. Na koma kan muciyata ina jin ni da Allah da likita kaɗai muka san zancen.

Ana nan, wata safiya ina tuƙa tuwo, sai na ji a rediyo wai ɓarayin kwamfuta sun kutsa cikin na'urorin wasu asibitocin gwamnati, sun kwashe bayanan marasa lafiya. Ni ban yi boko ba, ɓarawon da na sani mai haura katanga ne. Na tambayi Ladi kamar abin bai dame ni ba.

"Ke, in sun sata, ina suke kaiwa?"

"Intanet mana, Mma."

"Intanet ɗin da ke cikin wayarki?"

"Shi dai."

Na duba titi, kowa da waya a hannu.

Daga ranar duk wanda ya kalli waya ya ɗago ya kalle ni, sai in ce sunana ya karanta. Mai nama ya yi dariya, na ce da ni yake. Abin da ya ƙarasa ni shi ne Hajiya Rabi, wadda ta ba ni girkin bikin 'yarta. Ta wuce ta gaban rumfata idonta a kan waya, hannu kawai ta ɗaga mini. Na ce shi ke nan, ta gani, biki ya tafi, tuwo ma zai bi shi.

Washegari na ari niƙabin Ladi (ni da na sha ce mata mai gaskiya ba ya ɓoye fuska a unguwarsu), na kama hanyar asibiti. Niyyata ɗaya: su cire sunana kafin sauran mutane su gani.

Wurin masu kati cike yake, ana ta hayaniya. Wata yarinya ce zaune a bayan gilashi, da ɗan rami da ake magana ta ciki. Ba ta jin Hausa. Na gwada mata Tonanci, yaren Asante, amma nawa na kasuwa ne, na taya tumatir da albasa, babu kwamfuta a cikinsa. Tana ta cewa, "Maame? Maame?" tana kara hannu a kunne. Raina ya ɓaci. Na waiga ban ga mai kama da 'yan zango ba, na ce a raina nan ai babu mai jin Hausa, bari in sauke abin da ke cikina. Na buɗe murya irin wadda nake kiran Ladi da ita daga tsallaken titi.

"Ni ce mai tuwon Maamobi! Kun rubuta ina da tarin tibi, kun bar ɓarayi sun kwashe! Na warke tun tuni! Ki goge sunana yanzun nan kafin 'yan unguwarmu su ji, don in Hajiya Rabi ta fasa ba ni bikin 'yarta, ku da Allah!"

Sai na ji wata murya a bayana, a natse, tana juya wa yarinyar maganata da Turanci. Ba na jin Turanci, amma na ji "tibi", na ji "Maamobi". Da aka zo kan "Hajiya Rabi" sai muryar ta ɗan yi rawa kamar mai danne dariya.

Na juya. Hajiya Rabi ce da kanta, da katin asibitin ido a hannu. Ginshiƙi ne ya kare mini ita.

"Mma, kin gama, ko akwai saura in fassara?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige da niƙabin Ladi da komai.

Yarinyar ta yi bayani, Hajiya na mayar mini. Ta ce gaskiya ne an shiga na'urorin, kuma ba su san na wa da na wa aka ɗauka ba, ma'aikatan gwamnati na kan toshe hanyar. Suna kuwa ba ya goguwa, don in na sake rashin lafiya likita zai nema. In wani ya kira ni a waya ya ce daga asibiti yake, yana tambayar katina, in kashe. Hajiya ta gyara mayafi ta ƙara da cewa, "Ta ce kuma don Allah ki rage murya, har masu jiran magani a can ƙarshe sun ji."

Da muka fito bakin ƙofa na cire niƙabin, na ce, "Hajiya, tsakaninki da Allah, a waya kika fara gani?"

"Wace waya? Jiya atamfar anko nake dubawa. Haba Mma, gidan haya kuke, katako ne tsakanin ɗakinki da na maƙwabciyarki Asabe. Mu dai ba mu taɓa jin gwiwa mai tari ba sai taki."

"Kun sani? Tun yaushe?"

"Tun kina shan magani. Mun ga kin bar tukunya, kin ware kofinki, muka ce matar nan ta san abin da take yi. Asabe ma ta so ta zo gaishe ki, muka ce ke, kina son ranki? Wa zai tunkari Mma ya ce ya san sirrinta?"

Da ƙyar na ce, "To bikin fa?"

"Wa kike so ya yi mini miyar? Ladi? Na ci tata lokacin gwiwarki, ya ishe ni."

A trotro ɗaya muka dawo. Tana ta dariya, ni kuwa ji nake kamar an sauke mini buhun masara daga ka.

Na yi girkin biki, an cinye har ƙanzo. Ɓarayin kwamfuta dai ban yafe musu ba, don akwai masu ciwon da ba su da maƙwabta irin nawa, kuma gwamnati ta ƙara wa ƙofarta sakata. Amma ni sirrina, katako ya kai wa 'yan unguwa suka rufa mini, ni kuma na hau mota biyu na je na shelanta wa sauran mutanen Accra. Yanzu in na ga wata ta wuce da katin asibiti a ƙarƙashin mayafi, sai in sa ido a tukunyata. In kuma na je inda nake zaton ba a jin Hausa, sai na leƙa bayan ginshiƙi kafin in buɗe baki.