Ranar da na karrama insilin

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da ta wuce ba, don har yanzu in na ji an buɗe firigo, wato firiji, sai gabana ya faɗi.

Tun da na bar kwaleji nake taya Majo, wani tsohon ma'aikacin asibiti, tsaron shagonsa na magani a nan Gure. Ranar Litinin muka yi baƙo daga Yamai, irin masu yawon tallan magani. Ya zauna yana yi wa Majo bayani, ni ina goge kanta ina saurare. Wai a ƙasashen waje kasuwa ta fara juyawa, magungunan da ake samowa daga abu mai rai, irin su insilin da alluran rigakafi, su ne za su yi daraja nan gaba. Wai tsada gare su, ga shi an karya darajar kuɗinmu na sefa, kuma zafi kaɗan ke kashe su. (Ban gane yadda magani yake mutuwa ba, amma na gyaɗa kai kamar da ni ake.)

Da ya tafi masauki na leƙa firigonmu mai kananzir. Ga kwalaben insilin na Mushe Abdu (Mushe shi ne Malam a Faransancinmu), malamin da ya koya mini lissafi, mai ciwon sukari, a can ƙasa kusa da ƙullin furar Majo. Sai na ji kunya ta kama ni. Mu a Gure, baƙon da ya fi girma shi ake ba ruwan da ya fi sanyi. To yaya maganin da duniya ke rububi zai zauna da fura? Na kwashe su na kai sama, cikin gidan ƙanƙara.

Washegari baƙon ya dawo, ya ce yana son ganin yadda muke ajiya. Ban jira Majo ba, na buɗe da kaina har ina murmushi. Ya ɗauki kwalba ɗaya ya juya ta. Ko motsi ruwan bai yi ba.

"Wa ya sa su nan?"

"Ni ce, yallaɓai. Jiya ka ce zafi ke kashe su."

"Ƙanƙara ma tana kashe su, 'yata."

Zafi ya kashe, sanyi ya kashe, to me suke so? Majo bai yi faɗa ba, kuma da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Sai ki je ki faɗa wa mai su. Wasu ba za su zo daga Damagaram ba sai motar Jumma'a."

Duk hanya ina kuka, ina ganin na kashe malamina. Na same shi a zaure, na durƙusa na faɗi komai. Sai ya miƙa hannu gindin randa ya jawo wani jiƙaƙƙen tsumma. Ragowar kwalbarsa ce a ciki.

"Wannan za ta kai ni Jumma'a in Allah ya so," ya ce. "Amma ke, ko a aji haka kike. In an ce ƙara, sai ki ninka."

Ta kuwa kai shi, motar ma ta zo. Majo bai kore ni ba, sai dai ya hana ni firigo, ko furarsa shi ke ɗaukowa. Har yau ban gane wannan kasuwa ta ƙasashen waje ba. Abin da na gane shi ne, in na ga abu zaune lafiya kusa da fura, in bar shi a wurin, ba karamcina yake jira ba.