Alewar da Ta Koma Yashi

Na amsa laifina: ni ce na ɓata alewar garar Yaya Hassi.

Lokacin ina ajin ƙarshe a makarantarmu ta Gwandu. Gwaggo, gwanar alewa a gidanmu, ta bar mini tukunya a kan wuta, ta ce, "Ɗiyata, wanke muciya tas. Ƙwayar tsohon sukari ɗaya ta isa ta mai da saura yashi."

Ba ni da yawan magana, amma a raina na ce camfi ne, ai ni ke zuwa makaranta. Na ga 'yan ƙwayoyi suna ƙyalli a bakin muciyar jiya, na tsoma ta haka nan.

Daga jikin muciyar fari ya soma yaɗuwa. Na juya da ƙarfi, ya ƙara sauri. Ga jakunan kai gara zuwa Kalgo tsaye a ƙofa, ga shi babu sauran sukari a gida.

Gwaggo ta dawo, ta murza da yatsa, ya zube.

"Sukarin dai shi ne," na ce a hankali.

"Shi ne, malama. Amma wa ke jan yashi?"

Gara ta tafi babu alewa. Har yau in na je Kalgo, surukar Yaya takan ce, "Maraba da malama. Kin taho muna da yashin? Yaɓe za mu yi."