Jirgin da Na Yi Wa Gadi

Daga Gummi har Anka, ka haɗa da Bukkuyum da ƙauyukanta, babu mahaluƙin da ya kai ni sanin jirgin sama. Haka nake faɗa a da, kuma ba zan taɓa mantawa da ranar da na daina faɗa ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta.

Shagona na kayan gyaran babur yana kallon tashar mota, majalisarmu kuma a gindin bishiyar ƙofar shagon take. Da an ji ƙara daga sama sai kowa ya juyo ya dube ni, ni kuma in karkata hula, in kare rana da tafin hannu, in yanke hukunci. "Wanga na soja na, daji ya nuhwa." Ko kuma, "Wanga na alhazai na, ku ji nauyinai, zamzam na ciki." A wannan zamani da ƙarar jirgi ke sa mutanenmu su tsaya cak su saurara, mai irin wannan sani ba abin wasa ba ne. Har laƙabi aka ba ni, Kyaftin. (Gaskiyar magana, har lokacin ban taɓa taka matakalar jirgi ba. Amma hakan bai rage ni da komai ba, tunda jirgin da ke wucewa ba ya saukowa ya ƙaryata mutum.)

Sai ga tafiya ta samu. Rabi, autar Innarmu, tana Maleshiya inda mijinta ke karatu, kuma cikinta na fari ya tsufa. Mijin ya shirya takardu domin Inna ta je ta kula da jegonta, ni da matata Luba mu raka ta. To, haihuwar ta riga lissafi zuwa. Mace aka samu, aka ce sunan Inna za a sa mata, jirgin da aka samar mana kuma ana gobe suna zai sauke mu. In muka kuskure shi, sai dai Inna ta ga sunan takwararta a hoto. Tsohuwar nan kuwa ta daɗe tana shiri. Yaji, kanwa, garin kunu, kuka, daddawa, ta ɗaure kayan da za su ciyar da rabin Maleshiya, ga ciwon gwiwa da ya sa aka nema mata keken da ake tura marasa ƙarfi a filin jirgi.

Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba. Da furfurata da tumbina, har gobe "wanga yaro" nake a wurinta.

Tun daga Abuja na karɓe fasfo ɗin kowa da takardun shiga jirgi, na zuba a aljihun cikin babbar rigata, na ce wannan aikin masana ne. A wurin auna kaya, yarinyar da ke kan tebur ta ce kayanmu za su wuce kai tsaye har Maleshiya, ba sai mun sauke su a inda za mu yada zango ba. Na gyaɗa kai, na ajiye maganar a zuciya. Ku ma ku ajiye ta, don ita ce ta kai ni ta baro.

Da hantsi muka sauka a wata ƙasar Larabawa. Filin jirgin nan ya fi garin Gummi girma, har da gonakinsa da fadamarsa. Bangon duk gilashi ne, a bayansa kuma ga jirage nan jere kamar shanu a mashaya, kowane da bututun da fasinja ke bi manne a wuyansa. Ni da na yi shekaru ina ganinsu kamar ƙuda a sama, yau ga su har ina iya ganin ƙusoshin jikinsu. Na ji kamar in yi kabbara.

Kafin mu yi nisa na juya na yi wa namu alama. A ƙarƙashin fiffikensa akwai wani baƙin zane, kamar na babur mai yoyon baƙin mai. Duk wanda ya girma a bakin tasha ya san dokar: in mota ta tsaya a hanya, ba ka sauraron ɗan kamasho, ba ka kallon takarda. Inda kayanka suke ɗaure, nan motarka take. Ka sa mata ido daga teburin mai shayi, muddin tana tsaye kai ma kana kan hanya. An ce ba za a sauke kayanmu ba, ke nan kanwar Inna tana cikin mai baƙin zane. To, ina zancen wani jirgi kuma?

Luba malamar firamare ce, ta fi ni kama Turanci (wannan a tsakaninmu). Ta ce, "Baban Sadiya, na leƙa takardar nan tun a Abuja. Ƙofar da aka rubuta ba wannan ba ce, kuma lambar jirgin daban ce."

Na yi murmushin manya. "Malama, ke karatu kika yi, ni tasha na sani. Takarda ai sai an rubuta wani abu a kanta. Ga jirginmu can, mai zai sha mu wuce."

Inna ta ɗago daga kekenta. "Kai wanga yaro, ka tabbata? Ni dai in ga ɗiyar ga kahin a yi mata aski."

"Inna, ki kwantar da hankali. Muddin idona na kan jirgin ga, ba ya zuwa ko'ina."

Na zaunar da su kusa da masallacin mata, na koma bakin gilashi. A raina kusa ne. Ashe ina bin jirage da kallo ina gangarawa, daga wannan taga zuwa waccan, har na je na sami wata kusurwa da nake hango namu da kuma titin tashi gaba ɗaya.

Kada in ɓoye muku, ban taɓa jin daɗi irin na wannan wuni ba. Na ga jirgi mai bene, wanda za a iya kwashe kasuwar Gummi ranar Juma'a a zuba a cikinsa har a nemi ciko. Na ga wani ya taho da gudu ya ɗaga hanci, ya naɗe ƙafafunsa kamar shamuwa. Na ga wani ya sauko tayoyinsa sun yi hayaƙi. Filin na da intanet kyauta, sai na buɗe guruf ɗin majalisarmu na shiga aika saƙon murya, ina ba su karatu ɗaya bayan ɗaya. Saƙonnin Luba suna ta faɗowa daga saman wayar, ni kuma ina kore su da ɗan yatsa kamar ƙudaje, don suna katse min darasi. Lasifika tana ta surutu cikin harsuna, ban ba ta kunne ba. Wa ke sauraron ɗan kamasho?

Ina danne da wurin ɗaukar murya, ina cewa, "To jama'a, ga namu nan, mai baƙin zane, ya huta ya sha mai," sai na ga bututun ya janye daga wuyansa. Wata 'yar mota shafaffiya ta zo ta kama ƙafarsa ta gaba. Jirgina ya fara ja da baya.

Abin da ya biyo baya, da a ce wani ne ya yi, da har yau ina ba da labarinsa a majalisa. Na manne da gilashi ina dukansa da tafin hannu. Na cire hula ina kaɗawa. Na buɗe hannuwan babbar riga ina tsalle, har na fi jirgin kama da mai shirin tashi. Da muryar da nake tsayar da motar Sakkwato daga ƙofar shago na kwarara ihu: "Direba tsaya! Akwai tsohuwa, kayanmu na ciki!"

Turawa, Larabawa, Indiyawa, kowa ya bar abin da yake yi. Wasu suka ɗaga waya. Jami'ai biyu suka iso, suka tsaya min dama da hagu cikin ladabin da ke tsinka hanjin mutum. Na haɗa Turancin firamare da Larabcin makarantar allo na yi musu bayani, ina nuna jirgi, ina nuna ƙirjina. Da na ga ba mu fahimci juna ba, na zaro fasfo uku da takardunsu na miƙa.

Ɗayan ya duba takardar, ya duba agogo, fuskarsa ta canza, ya yi magana da sauri cikin 'yar rediyonsa. Ɗayan kuma ya kama kafaɗata ya juya ni, ya nuna min inda ake jan jirgina. Wata ƙatuwar rumfa ce, irin ta makanikai. Babu kowa a cikin jirgin, ko fitila babu. Garejin gyara za a kai shi. Wuni guda ina gadin jirgin da ko direbansa ya tafi gida.

Suka mayar min da takardun, suka ɗora ni a wata 'yar motar lantarki mai ƙarar gargaɗi, muka kama hanya. Na rantse tafiyar ta kai daga Gummi zuwa Daki Takwas. Mutane suna darewa suna kallona, ni kuma na dafe hula na sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da akuyar wani.

A ƙofar gaskiya kujeru duk sun zama wayam. Mai tura keke ya zo ya ɗauki Inna a kan lokaci, Luba ta neme ni taga-taga ba ta gan ni ba, ta bi su. Kowa ya shiga, su kuwa babu fasfo. Na tarar da Luba tsaye idanunta jajir, tana roƙon wata ma'aikaciya da ta riga ta ɗora hannu a kan ƙofa. Inna na zaune da carbi, ledar kayan jaririya a cinyarta ta rungume. Ba ta dube ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Luba kuwa hannu kawai ta miƙo. Na zuba mata takardun, kuma daga ranar ko katin rigakafin yara ba a ƙara ba ni ajiya ba.

Mu ne na ƙarshen shiga. Jirgin na gangarawa titin tashi muka wuce ta gaban rumfar nan, ga mai baƙin zane an kewaye shi da tsani. Luba ta taɓa ni da gwiwar hannu. "Kyaftin, ga naka can. Ba ka yi masa sallama?"

Sai da muka isa na gane sauran. Ashe sai bayan na gama kwarara ihu yatsana ya saki wayar, saƙon ya tafi majalisa cif, daga darasin har ihun. Yanzu in 'yan acaɓa za su wuce ƙofar shagona sai sun rage gudu sun ce, "Direba tsaya, akwai tsohuwa." Har Anka labarin ya je, wani dillalin hatsi ya ba ni shi da bakinsa bai san ni ne ba, ya ƙara da cewa wai na hau fiffike.

Amma an yi suna lafiya. Inna ta karɓi takwararta tun kafin ta cire mayafi, ta dama kunun kanwa a tukunyar lantarki, ɗaliban ƙasarmu da ke can suka cika gidan suna santin miyar kuka. Ina kallon tsohuwar tana yi wa jaririyar wasa da baki babu haƙora, su biyun duka, na ji duniya ta yi min daidai. Na kuma koyi abu guda: sanin tasha a tasha yake aiki, in an bar Gummi a bar wa mai karanta takarda ta ja gaba.

Da yammar ranar sunan muna zaune a baranda sai ga ƙarar jirgi. Jiki ya saba, kaina ya fara ɗagawa, hannuna ya nufi hula. Inna ta dubi Rabi, tana jijjiga jaririya.

"Shekara da shekaru ina ganin wanga yaro shina kallon sama, ina tsammanin karatu yaka yi. Ashe wuya yaka miƙewa."