Atishawar Malam Tanimu

Duk wanda ya taɓa zama a unguwarmu a Funtuwa ya san atishawar Malam Tanimu kafin ya san fuskarsa. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne da ya yi ritaya, kuma abu biyu suka rage masa na jin daɗi: majalisarmu ta ƙofar gidan Alhaji Barau mai goro, da tantabarunsa. Ɗaki guda ya gina musu a bayan gida, ya jera musu tukwane, kowace da sunan da ya raɗa mata. In yana ba ka labarinsu sai ka rantse jikokinsa yake nufi.

Da can atishawar tana da lokacinta. In gero ya yi bununi, ciyawa ta yi fure, sai ta sauko masa, ta yi 'yan makonni ta tafi. Bana kuwa da ta zo sai ta shimfiɗa tabarma. Hanci na yoyo, idanu jajur suna ƙaiƙayi, maƙogwaro na ƙaiƙayi, hankici biyu ba sa kai shi azahar. Kuma shi ba ya yin atishawa ɗaya ya huta, a jere suke zuwa. Mukan ce masa yarhamukallahu a ta farko da ta biyu da ta uku, daga nan kowa ya koma kan hirarsa. Shi kuma ya ji haushi, wai ba mu damu da shi ba. Rannan Alhaji Barau ya gaji, ya ce, "Malam Tanimu, ga yarhamukallahu ta mako guda na ba ka a dunƙule. Ka riƙa cira a ciki."

Ba irin maganin da bai gwada ba. Ya shaƙi man zafi, ya tauna tafarnuwa har muka daina zama kusa da shi, ya yi surace da ganyen darbejiya. Daga baya ya koma kan wasu ƙwayoyin mura da yake saya a kemis. Suna tsayar da yoyon, amma barcin da suke sa shi ba na wasa ba ne.

Ƙwayoyin nan ne suka kunyata shi ranar ɗaurin auren 'yar ƙaninsa, inda shi ne waliyyi. Don kada ya dami jama'a da atishawa, sai ya haɗiyi biyu kafin ya fito. Masallaci ya cika, wakilin ango ya nemi aure, liman ya juyo ya ce, "Waliyyin amarya, kun bayar?" Shiru. Ya sake tambaya. Abin da aka ji sai minshari. Alhaji Barau ya mintsine shi a cinya, Malam ya farka firgigit, ya dubi liman ya ce, "Wa alaikumus salam."

An ɗaura auren, amma har yau dangin ango da wannan sallamar suke gaishe shi.

Washegari matarsa, Hajiya Kubura, ta aiko a kira ni. Ta ce tunda ina da mota, in taimaka in kai shi Zariya wurin likitan hanci, kuma ita ma za ta bi mu. Hajiya Kubura mace ce mai sana'a. Turaren wuta da humra take haɗawa, kusan duk amaryar da za a kai a unguwarmu da ƙamshinta ake kai ta. Ba ta da yawan magana, amma in ta yi ɗaya takan ishe ka yini.

Likitar da muka samu mace ce, matashiya, ba za ta girmi autarsu ba. Ni ma na shiga, don Malam ya ce idonsa ba ya gani sosai. Ta haska hancinsa da 'yar fitila, ta yi masa tambayoyi, sannan ta ajiye biro.

Ta ce, "Baba, wannan ba mura ba ce. Mura 'yan kwanaki take yi ta wuce, kuma takan zo da zazzaɓi ko ciwon jiki. Kai kuwa wata da watanni, majina tsararo kamar ruwa, ga ƙaiƙayin ido. Mu alaji muke ce masa. Kamar borin jini ne, sai dai shi a hanci yake tashi. Hancinka ne ya zama mafaɗaci. Abin da ba ya cutar da kowa, kamar furen ciyawa ko gashin dabba, in ya shaƙa sai ya ɗauka abokin gaba ne ya shigo, ya tashi da faɗa."

Hajiya Kubura ta ce, "Ashe har hancin ya ɗauko halin."

Likita ta danne dariya. Ta hana shi ƙwayoyin kemis, ta rubuta masa wata da ba ta sa barci, da wani magani na fesawa a hanci. Ta ce shi na fesawar sai an jure kullum, ba a ranar farko yake nuna aikinsa ba. Ta ce ya riƙa wanke hanci da ruwan da aka tafasa ya huce, a sa ɗan gishiri, a riƙa shanya katifa da matashi a rana, a rufe taga in iska na kaɗo furen ciyawa.

"Amma babban maganin," in ji ta, "shi ne a gano abin da ke tayar da shi, a nisance shi. Me da me kuke da shi a gida?"

Malam ya gyara zama, fuskarsa ta yi haske kamar wanda aka yi wa albishir.

"Yauwa, 'yata. Akwai turaren wuta, safe da yamma hayaƙi ne kamar wurin gashin nama. Akwai kyanwar Hajiya, har kan gadona take hawa. Akwai kafet ɗin Hajiya. Akwai labulen Hajiya."

"Shi ke nan?"

Hajiya Kubura ta buɗe baki. "Akwai kuma..."

Malam ya saki atishawar da ta girgiza takardun kan tebur. Ya ƙara wata, ya ƙara wata, har likita ta miƙe ta ɗauko masa auduga, maganar ta bi ruwa. Ni na daɗe ina jin atishawar mutumin nan, na san ta gaske, na san ta aro. Wannan ta aro ce. Hajiya ma ta sani. Ta dube shi, ta dube ni, ta gyara mayafinta.

Likita ta ce a riƙa janye abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya na ɗan lokaci, a ga wanda in babu shi za a samu sauƙi. In ba a gane ba, mu dawo ta yi masa gwaji.

Ɗaya bayan ɗaya aka ce, amma kafin magariba Malam ya zartar da hukunci a kan kowa. Kyanwa ta fara tafiya, dama akwai tsohuwar gaba tsakaninsu tun ranar da ta cinye masa ɗan shila. A buhu ya sa ta ya kai gidan Alhaji Barau. Kafet ya tafi soro, labule ya tafi wanki bai dawo ba. Kaskon turare da kwalabe da itatuwan ƙamshi duk aka kwashe zuwa gidan ƙanwar Hajiya, can wata unguwa bayan tasha.

Abin bai zo wa Hajiya da sauƙi ba. Kaka ta gabato, lokacin bukukuwa ke nan, lokacin cinikinta. Kullum sai ta gama aikin gida ta hau adaidaita ta tafi can ta haɗa turare, ta dawo ta canza kaya a soro kafin ta shiga ciki. Masu saye su zo su tarar ba ta nan, wasu su bi ta, wasu su wuce wurin wata. Amarya biyu na san sun kuɓuce mata a watan nan.

Shi kuwa Malam ya samu sabuwar sanda, sunanta "likita ta ce". Likita ta ce kada ƙawayen Hajiya su shigo da turare a jikinsu. Likita ta ce kada a soya barkono sai ya fita. Likita ta ce a rage ƙarar talabijin in ana wasan kwaikwayo, wai hayaniya ma na tayar da hancin. Har likita ta ce ɗakin da aka kwashe kayan turaren ya fi dacewa da ajiyar dawar tantabaru.

Na ce masa, "Malam, ina cikin ɗakin likitar nan fa. Yaushe ta faɗi wannan?"

Ya ce, "Lokacin kana danna waya."

Abin da likitar ta faɗa da bakinta kuwa, shi ne bai yi ba. Maganin fesawa kwana biyu ya yi ya jefa shi a aljihun tsohuwar riga, wai ba ya aiki. Ruwan gishiri kuma ya ce shi ba kilishi ba ne.

Atishawa dai tana nan, har ta fi da. Wata safiya na shiga gidan karɓar tsani, na same shi a ɗakin tantabaru da tsintsiya a hannu. Yana shara, busasshen kashi na tashi, ƙananan gashi na yawo a iska suna sauka a hularsa da gemunsa. Ya share sau ɗaya ya yi atishawa sau uku. Tantabarun ma sun saba, ko motsi ba sa yi.

Na ce, "Malam, ba ka ganin ko waɗannan ne..."

Ya katse ni. "Turaren ne ya kama bango. Shekara da shekaru ana banka shi, ka zaci rana ɗaya zai fita?"

Hajiya Kubura na bakin murhu tana jin mu. Da zan fita sai ta tambaye ni ko motata lafiya take, don lokacin komawa Zariya ya yi.

Ranar komawa ta ci ado kamar mai zuwa suna. Malam ya so ya zille, ya ce ya ji sauƙi, amma atishawar da ta biyo bayan maganar ta ƙaryata shi.

Likita ta ji duk abin da aka fitar daga gidan, ta dubi Hajiya da tausayi. Ta tambayi maganin fesawa, Malam ya ce yana nan a ajiye lafiya lau. Ta girgiza kai, ta sa ya naɗe hannun riga. Ta ɗiga wasu ruwaye a jere a kan fatar hannunsa, wannan na kyanwa, wancan na furen ciyawa, da sauransu, kowane da alamarsa da biro, ta ɗan tsaga fatar kaɗan a ƙarƙashin kowane ɗigo. Ta ce mu jira. Duk wanda jikinsa ba ya so, wurin zai tashi ya yi ja.

Muka zuba wa hannun ido mu uku. Malam ya kafa nasa a kan ɗigon kyanwa, yana jira. Wurin ko gezau. Na furen ciyawa ya ɗan tasa kamar cizon sauro. Sai wani can kusa da gwiwar hannu ya fara ja, ya kumbura, ya yi faɗi, Malam na ƙoƙarin sauke hannun riga a kansa.

Likita ta riƙe hannun. "Baba, wannan na gashin tsuntsaye ne. Kuna kiwon kaji?"

"Ko ɗaya."

"Agwagi? Talo-talo?"

"Babu."

"Tantabaru fa?"

Malam ya dubi silin. "To, akwai wasu 'yan tsiraru. Su ma ba za a ce a gidan suke ba, a sama suke yini."

Hajiya Kubura ta ce, "Likita, in suka tashi gaba ɗaya, shanyata ba ta samun rana."

Likita ta ce, "To ai ga shi nan. Hayaƙin turare yana iya ƙara fusata hancin da ya riga ya kumbura, don haka Mama ta riƙa kunnawa a tsakar gida, ba a ɗakinsa ba. Amma ba shi ne tushen ba, kyanwa kuma ba ruwanta. Furen ciyawa na lokaci ne, magani zai riƙe shi. Wanda ya hana ka sakat duk shekara shi ne gashin tantabarun nan da ƙurar ɗakinsu. In ka ci gaba da shaƙa, yana iya sauka ƙirji, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Shawarata ka rabu da su."

Na ga idon Malam ya kawo ruwa, kuma wannan karon ba na alaji ba ne. Har ya ba ni tausayi. Ya cire hula, ya mayar, ya murza gemu.

"'Yata, in na sa takunkumi fa?"

"Zai rage, in za ka sa kullum. Amma wanda ya kasa fesa magani kwana uku?"

"In wani ya riƙa yi min sharar fa?" Ya saci kallon Hajiya. Ita kuwa tana duban farcenta.

Likita ta ce, "Ɗakin nasu yana kusa da tagarka?"

Malam ya kau da kai. Ni na amsa, na ce bango ɗaya ne.

Malam ya matso bakin kujera, ya sassauta murya kamar mai roƙon alƙali. "Yanzu tunda kin ce gashin ne matsalar, duk iliminku babu wata dabara da za a yi in ci gaba da mu'amala da su, ba tare da gashin ya dame ni ba?"

Likita ta buɗe baki za ta amsa, Hajiya Kubura ta riga ta.

"Akwai mana, Malam. Ka bar min su. Yau da yamma zan kawo maka su har ɗaki, babu gashi ko ɗaya, da romonsu."